Zanen Kelemete a Jikin Penaia

Mount Druitt, Sydney
Maris

Gwaggo Taumaia,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya gwiwoyin naki? Yaya Uelese da matarsa Fuatino da yara? Ni lafiyata ƙalau, sai ƙiba da nake ta narkawa, wadda na san in kin gan ni sai kin tanka.

Ke kika ce in magana mai nauyi ce in daina kira a waya, tunda gidanmu ba bango, shi kuma Uelese bai iya riƙe waya ba sai ya buɗe murya har kaji su ji. To ga takarda.

Gwaggo, na samu aiki. Kin san tun zuwana ƙasar nan tsaron ƙofar gidan rawa nake yi, da rana kuma in bi layin masu neman fitowa a fim. Abin da nake samu bai wuce "ƙato na biyu" ba, wato wanda zai tsaya bayan wani ya harɗe hannu, bai ce uffan ba har a gama. Wannan karon shiri ne mai dogon zango na 'yan sanda da masu laifi, sunansa Bayan Layin Dogo, za a riƙa sa shi a talabijin kowane mako. Ina da suna a ciki, ina da magana a kowane kashi. Mai ba da umarnin wata Baturiya ce, Bronwyn. Ranar gwaji ina canza kaya ta hango pe'a ɗina, zanen tawadar nan namu na gargajiya da ke jikina tun daga ƙugu har gwiwa. Ta yi tsaye ta ce ba ta taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a jikin ɗan Adam ba, dole duniya ta gani. A nan take ta sallami sauran.

Mun gama ɗauka, a watan Mayu za a fara nunawa.

Maganar Nuwamba kuma tana raina, kada ki yi zaton fim zai mantar da ni. Shekara za ta cika da rasuwar ɗanki Kelemete, za a buɗe dutsen kabarinsa, kuma ni ne soa ɗinsa, wanda aka yi mana zane tare, hannuna ne zai yaye ƙyallen da aka lulluɓe dutsen da shi. Na riga na yanki tikiti. Ki faɗa mini abin da zan taho da shi ban da naman gwangwani, wannan na san ba sai an faɗa ba.

Ɗanki,
Penaia


Savai'i
Afrilu

Ɗana Penaia,

Takardarka ta iso, na gode wa Allah da ya bar ka da lafiya. Gwiwoyi suna nan yadda ka san su, su ne ke fara gaishe ni da safe. Uelese da iyalinsa lafiya. Gwaza ta yi kyau bana. Ƙiba kuma kada ka ɗora wa Turawa, tun kana yaro ba ka iya wuce tukunya ba.

Da na gama karantawa sai na fita ƙofar gida na zauna bakin kabarin ɗan'uwanka na karanta masa. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, amma na daɗi ne.

Ka tuna lokacin da aka shimfiɗa muku tabarma ɗaya, kai da shi? Ba a yi wa mutum pe'a shi kaɗai, sai da soa da zai kwanta gefensa su raba zafin, kuma da ubanka ya ce wa za ka ɗauka, ba ka ko juya ba ka ce Kelemete. Tsoho Aperaamo yana buga ƙarfensa, samari suna ja muku fata, mu mata muna gefe muna waƙa don kada a ji nishinku. Kai ka fara kuka, ba sai na tuna maka ba. Ɗana yana cije da zaninsa yana ce maka, "Yi a hankali mana, 'yan mata na leƙe." Aperaamo ya ce tunda ya gaji sana'ar nan bai taɓa yi wa mutum biyu zane iri ɗaya sak ba sai ku, don kun dame shi da naci. Hannu ɗaya, tawada daga ƙoƙo ɗaya. Na Kelemete yana ƙarƙashin siminti yanzu. Naka ne kaɗai ya rage a duniya, kuma ka ce za a nuna shi. Ashe zan sake ganin jikin ɗana.

Ba ka faɗa mini a matsayin wa za ka fito ba. Fuatino ta ce ɗan sanda. Na ce mata ba ta da hankali, matai ne, shugaban dangi, don ba mai tuɓe mai pe'a a gaban jama'a sai a wurin girma.

Na faɗa wa Fasto, shi kuma ya sanar ranar Lahadi bayan wa'azi. Ɗansa ya ce zai jawo shirin ta kwamfutarsa ya haska a jikin farin zani a zauren coci. Matan zumunta za su dafa koko. Aperaamo idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, amma ya ce a ajiye masa kujera a sahun gaba, zai ga aikinsa ko da inuwa-inuwa ne.

Ka taho mini da man zafi na gwiwa, mai jan murfin nan.

Gwaggonka,
Taumaia


Mount Druitt
Mayu

Gwaggo,

Ina fata kina lafiya, ke da kowa. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa. Yau takardarki ta same ni. Na kira wayar Uelese ta ƙi shiga, da na samu ta shiga kuma sai na ji muryar Fasto a kusa yana tambaya ko ni ne, sai na gaishe su na kashe. Ban iya faɗa a gaban mutane ba.

Don Allah kada ki tara kowa. Ki ce na'urar ta lalace, ki ce an ɗaga, ki faɗi duk abin da za ki faɗa.

Ba matai ba ne, Gwaggo. Ba ɗan sanda ba ne. 'Yan sandan Turawa ne, biyu, mace da namiji. Ni ne wanda suke farauta. Dillalin ƙwaya ne mai yara a ƙarƙashinsa. A kashi na farko akwai inda nake cikin gareji daga ni sai gajeren wando, ina dukan wani yaro da ya ci mini kaya, kyamara kuma tana bin ƙafata tun daga gwiwa.

Da na karɓi aikin ba haka aka nuna mini ba. A rubuce mutumin yana da 'ya da yake yi wa kitso da safe, yana da uwa, yana waƙa a coci. Duk mun ɗauka. Shekaranjiya aka tara mu muka kalli abin da aka haɗa, babu 'yar, babu uwar, babu cocin. Na tambayi Bronwyn, ta dafa kafaɗata ta ce lokaci ne ya yi musu kaɗan, kuma ai garejin ne ke riƙe mai kallo.

Na so in faɗa miki tun a takardar farko. Na ce bari ki yi farin ciki tukuna, tunda rabonki da shi tun rasuwar. Ban kawo a raina za ki gaya wa Fasto ba, kuma ya kamata in kawo, ai na san garinmu.

Zan ba wani ɗan cocinmu da zai taho Apia, babban birninmu na Samoa, wannan takardar, ya ce zai sa a jirgin ruwa da kansa. Allah ya sa ta riga Asabar, ranar da za a nuna shirin.

Penaia


Savai'i
Yuni

Penaia,

Muna lafiya. Ina fata kai ma haka.

Zauren ya cika har waje. Yara a ƙasa, matai a kujeru, Aperaamo a gaba da farar rigarsa ta zuwa coci. Ni na sa furen da nake sawa ranar biki. Fasto ya yi addu'a ya sa maka albarka da sunanka da na ubanka.

Da fuskarka ta fito aka yi tafi da guɗa. Har da ka fara zagi da Turanci mutane dariya suke yi, Fuatino tana ce mini ai ɗan sandan ciki ne, ɓad da kama ya yi. Sai aka shiga garejin.

Na ga layukan gwiwa. Na ga na cinya, inda Kelemete ya suma aka yayyafa masa ruwan kwakwa. Na ga na cibiya, wanda ake rufewa da shi, ranar da na shafa muku mai da hannuna ku biyun. Duk na gane su ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙafar da ke ɗauke da su tana taka kan ɗan mutane. Yaron yana kiran uwarsa.

Sai aka ji muryar Aperaamo. Shi bai ga komai ba sai baƙi-baƙin zanen yana motsi. Ya ce, "Aikina ne wannan, na gane shi. Rawa yake yi?" Ya sake cewa, "Ku faɗa mini mana, wace rawa ce?" Jikarsa ce ta sunkuya ta faɗa masa a kunne. Sai ya ce, "A kai ni gida." Fasto ya zare wayar wuta. Kokon nan ba wanda ya sha, aladu aka zuba wa.

Na san wasa ne, ba sai ka koya mini ba, ban tsufa haka ba. Na san yaron ya tashi ya karkaɗe jikinsa an biya shi. Amma dukan ne na ƙarya, zanen na gaske ne.

Majalisar gari ta zauna. Dangin Aperaamo sun kai ƙara cewa an wulaƙanta hannun tsohonsu a gaban duniya, suna so a hana ka taka garin nan. Baffanka da ke riƙe da sarautar gidanmu ya zauna kamar an dasa shi, bai tsaya maka ba. Ba a yanke ba tukuna.

Kada ka zo. Kada ka kira. Kada ka aiko da komai. Ka bar ni da su.

Takardarka ta gargaɗi ta zo bayan an yi an gama. Ɗan cocin naku ya tsaya bikin ƙanwarsa a Apia. Na karanta.

Taumaia


Mount Druitt
Yuli

Gwaggo Taumaia,

Ina gaishe ki, in har kina amsa gaisuwata. Allah ya ƙara miki lafiya. Kin ce kada in aiko da komai, ki yi haƙuri da wannan, ita ce ta ƙarshe.

Na ga ba ki ce "ɗana" ba, ba ki ce "Gwaggonka" ba. Na fahimta. Na mayar da tikitin. Bari Uelese ya yaye ƙyallen, ƙanin Kelemete ne, ba wanda zai ce komai.

Ina so dai ki san abin da ake ciki a nan, kada ki ji a bakin wasu. Tun daren da aka nuna shirin intanet ta kama da wuta, kuma da hoton cinyata ake faɗan. Wata 'yar Samoa daga Brisbane ta rubuta, "Kullum mu ne 'yan daba, su ne 'yan sanda. Mun gaji." Dubbai suka bi bayanta. Wani Bature mai tuta a hotonsa ya amsa mata, "Fim ne fa, baiwar Allah. Ki je gidan yari ki ga su wa suka cika shi, sannan ki dawo ki yi kuka." Wani ya ce, "In an ba Bature ku ce an hana ku aiki, in an ba ku ku ce wariya. Me kuke so ne?" Wata malamar jami'a ta yi dogon rubutu a kaina, wai ni abin tausayi ne da aka yi amfani da jikinsa. Ba ta taɓa nemana ta ji ta bakina ba.

Na Turawan bai dame ni ba, na saba da su a ƙofar gidan rawa. Namu ne suka fi ciwo. "Wannan ya sayar da fatarsa." "Wa ya yi masa pe'a ɗin? Ya zo ya karɓi abinsa." Wani yaro da aka haifa a nan, wanda na tabbata ko allurar asibiti gudunta yake yi, ya ce shi da ya ga irin wannan gara a yanke masa ƙafa. A gefe guda kuma samarin Turawa suna aiko mini saƙo suna tambaya a wane shago aka yi mini, su ma suna so.

Abokina Fadi, ɗan Lebanon da muka fito tare, dariya ya yi. Ya ce, "Barka da shigowa, ɗan'uwa. Ni tun kafin ka zo ƙasar nan nake dasa bam a fim. Uwata ta daina kallo, ta ce in na fito likita a tashe ta."

Kamfanin ya kira taro. Bronwyn ta yi kuka, ta ce ita girmamawa ta yi niyya. Suka ce in nemi gafara a bainar jama'a. Na zauna cikin mota na ɗauki kaina a waya, na ba duk wanda abin ya ɓata wa rai haƙuri. Rabi suka ce an tilasta ni, rabi suka ce ban yi kuka ba, don haka ba da gaske nake ba.

Maganin da suka samo shi ne a zango na biyu ba za a sake ganin zanen ba. Mun fara ɗauka. Kullum da safe mata biyu ke shafe ni da hoda mai kalar fata tun daga ƙugu har gwiwa, sai na koma sumul kamar wanda bai taɓa kwanciya a tabarmar nan ba. Suna da kirki, har haƙuri suke ba ni in hodar ta yi sanyi. A intanet an ce an yi nasara.

Wani ya sa hoton ƙofar gidana da lambarta. Zan ga yadda zan yi.

Ki yafe mini in kin iya. Ba zan sake damun ki ba.

Penaia


Savai'i
Satumba

Ɗana Penaia,

Ga "ɗana" nan, ka gani da kyau, tunda ƙirga kalmomi ka koma yi. Muna lafiya, ban da ni.

Kai wane irin sakarai ne? Na ce kada ka zo don in ka sauka a lokacin samarin gidan Aperaamo za su tare ka a bakin jirgi. Na ce kada ka kira don kunnen gari na kan wayar. Na ce kada ka aiko da komai don kada a ce da kuɗin fim muka sayi baki. Na ce ka bar ni da su. Wanda ya yar da kai zai ce ka bar shi da su? Raina a ɓace yake na rubuta, har yanzu ma a ɓace yake. Ɓacin rai daban, yarwa daban.

Fuatino ta nuna mini kai a wayarta, kana cikin mota da bel a ƙirji kana ba duniya haƙuri. Su wa ka ɓata wa? Mai tutar? Malamar jami'ar? Wanne ne a cikinsu ya riƙe maka kai lokacin da kake amai don zafi? Ka nemi gafarar mutanen da ba su san sunan ubanka ba, a zaune, da sanyin mota na busa ka. Tsohon da ya ƙarar da idonsa a kan fatarka bai ji ko kalma ɗaya daga gare ka ba.

To ni na yi abin da ake yi. Baffanka ya ce shi ba zai yi ifoga, durƙuson neman gafara, saboda wasan talabijin ba. Na ɗauko lallausar tabarmar da uwata ta saƙa, wadda na ajiye don ranar aurenka. Tun asuba ni da Uelese muka je ƙofar gidan Aperaamo, na durƙusa a kan tsakuwa, Uelese ya lulluɓe ni da ita. Ka san ƙa'ida, ba ka motsi, ba ka magana, sai masu gida sun ga dama sun yaye. Suna iya barin ka har rana ta faɗi. Ina jin su a ciki suna gardama, ƙaramin ɗansa yana cewa a bar ni in gasu. Rana ta take sosai kafin in ji sanda tana laluben tsakuwa. Da kansa ya fito. Ya lalubo bakin tabarmar ya ɗaga, ya shafa fuskata ya ce, "Taumaia, da waɗannan gwiwoyin? Ke kika yi?"

Ya ce ya karɓa, amma da sharaɗi. Ka zo ka tsaya a gabansa ya taɓa aikinsa da hannunsa, ya ji ko yana nan yadda ya bar shi. In ya taɓa, ka wuce ka yaye ƙyallen ɗan'uwanka. Majalisa ta amince da haka.

Ban faɗa masa maganar hodar ba, kuma ba zan faɗa ba. A garejin nan, duk muninsa, na ga ɗana. Yanzu kana ce mini kullum da safe kana miƙe ƙafa a shafe shi, wai an yi nasara. Wannan ya fi mini ciwo.

Ka sake yankar tikiti. Tun ranar ban taka da kyau ba, kada ka manta da man zafin.

Gwaggonka,
Taumaia


Bankstown, Sydney
Disamba

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar? Ban san da wane baki zan tambaya ba.

Jiya takardarki ta Satumba ta shigo hannuna. Na bar Mount Druitt tun a Agusta, bayan an fasa mini gilashin mota an rubuta abu a ƙofa. Ina kwana a falon Fadi. Na canza lamba, na rufe duk shafukana, ban bar wa kowa adireshi ba, don na ɗauka ba mai nemana. Na koma ɗaukar ragowar kayana ne mai gidan ta miƙo mini ita cikin takardun wuta da na ruwa. A tsaye na karanta a bakin titi, sai da na zauna a kan dakalin mutane.

Ranar da aka sa za a buɗe dutsen ina wurin ɗauka. A ranar suka kashe ni a cikin shirin. 'Yar sandar ce ta harbe ni a wurin ajiye motoci, da dogon wando. Kamfanin ya ce ya saurari jama'a, sabon mugun Bature ne mai kwat. Yanzu faɗan da ake yi shi ne don me aka kashe baƙin mutum ɗaya tilo da ke da magana a shirin. Wadda ta fara cewa mun gaji ita ce ta rubuta cewa an ƙwace mana aiki. Ba wanda ya ƙara sa hotona, sun samu wani shirin da suke yi a kai. Na koma tsaron ƙofa.

Gwaggo, kin durƙusa a tsakuwa saboda ni, ni kuma ina nan ina jin haushinki. Na ɗauki waya in kira Uelese na kasa, ban san wa zai ji ba, ban san me aka yanke a kaina ba da aka ga ban zo ba. Wa ya yaye? Tsoho Aperaamo zai yarda ya taɓa ni har yanzu? Ki rubuto a wannan adireshin. In kin ce zo, ko a ƙasan jirgi ne zan taho.

Ɗanki,
Penaia


Savai'i
Janairu

Ɗana Penaia,

Takardarka ta iso. Na gode wa Allah kana raye, don na fara tunanin wani abu. Uelese da Fuatino suna gaishe ka. Ƙafa ta ƙi. Daga tabarma sai bakin ƙofa, shi ma da ja.

Aperaamo ya rasu farkon Disamba. Tun daga Satumba duk ranar da ya ji motar da ke ɗauko mutanen jirgi ta tsaya, sai ya aiko a tambaya ko kai ne. Daga baya ya daina aikowa. Jikarsa ta ce har ya kwanta yana cewa a bar masa hannunsa a waje, kada a rufe da mayafi, yaron zai zo.

Sharaɗin nasa ne, kuma ya tafi da shi. 'Ya'yansa sun ce ubansu bai taɓa ba, don haka ba a gama ba. Majalisa ta rabu biyu. Ban san abin da za su yi maka ba in ka sauka. Wataƙila tara, wataƙila su juya ka a bakin jirgi. Ba ni da wata tabarmar, ba ni da wasu gwiwoyin. Ba zan yi maka alkawarin komai ba.

Ka tambaya wa ya yaye. An yi taro yadda ya kamata. Dangi sun zo daga Apia da Auckland, an gasa aladu, Fasto ya yi addu'a. Da aka zo wurin, kowa ya juya yana neman ka, sai baffanka ya yi wa Uelese alama. Yaron ya miƙa hannu, na riƙe shi. Na ce soa ɗinsa bai iso ba. Baffanka ya ce, "Taumaia, kada ki ba mu kunya gaban baƙi." Na ce kunya ai mun riga mun sha ta a zauren coci, wannan ba za ta kashe mu ba. Aka ci abinci aka watse, dutse a rufe. Har yau akwai waɗanda ba sa gaishe ni.

Ka wanke jikinka da kyau, kada ka zo mini da ko ɗigon hodar nan. Ka zo da zani, ba wando ba.

Damina ta sauka, ƙyallen ba ya jimawa yake yin baƙi. Duk Asabar Fuatino ke kama ni ta kai ni bakin kabarin in canza shi da wankakke. Ita takan juya baya, ni kuma in rufe idona in yi da lalube. Har yau ban ga sunan ɗana a kan dutsen ba.

Gwaggonka,
Taumaia